Tabon da ke Bayan Kafaɗata

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Saratu. Ni ce mai koyar da ƙananan yara a makarantar mishan ta nan Kankiya. An ce in tashi in faɗi wannan shaida da bakina, na gwada, murya ta ƙi. Shi ya sa na rubuta. In kun ga maganar ta karkace a wani wuri, ku yi mini haƙuri, har yanzu jikina bai gama dawowa ba.

A bakin rijiya abin ya fara, ranar Asabar da safe. Na sunkuya zan ɗauki tulu, da ɗaurin ƙirji saboda zafin bazara, sai Gwaggo Lami ta zo ta bayana za ta aza mini. Dattijuwa ce daga Fakuwa, tana cikin matan da suka fara bin Yesu a wajensu. Ta dafa kafaɗata ta hagu. Sai na ji hannun ya tsaya cik. Ya daɗe a wurin, sannan ta janye shi a hankali. Da na waiwaya, na gan ta tana goge tafin hannunta a zanenta.

Ba ta ce mini komai ba. Ba ta da damar cewa komai.

Bari in faɗa muku dalili. Malam Bulus mai bishara ne ya kira mu taron farfaɗo da ruhaniya a 'yar majami'ar da ke bayan ƙauyen Boko, a ƙasar Kusada. Taron na waɗanda aka riga aka yi wa baftisma ne, daga Jumma'a zuwa Lahadi. Ka'idarsa kuwa ita ce shiru. Tun faɗuwar rana ranar Jumma'a muka ɗaga hannu muka yi alkawari a gaban Allah cewa ba mai yi wa ɗan'uwansa magana sai an sha ƙoƙon Jibin Ubangiji ranar Lahadi. Addu'a da waƙa kaɗai aka yarda. Malam Bulus ya ce, "Bakinku ya daɗe yana aiki, ku bar shi ya huta, kunne ya karɓi aikin." Muka yi dariya. Ni ma har da ni, don da murna na je taron nan.

Da wata yarinya ce ta ga tsohuwa ta goge hannu, da sai ta ɗauka ruwa ne ya jiƙa ta. Ni ba zan iya cewa haka ba. Na san wannan gugar hannun tun ban san karatu ba.

Innata tana da babban ciwo. Mu da muka tashi kusa da shi ba ma kiran sunansa, amma yau zan kira: kuturta. Tana zaune a unguwar majinyata da ke bayan gari. Ana yaye ni ta miƙa ni ga gidan yara na mishan, da kanta, ba wanda ya tilasta mata. A can na girma, daga can aka kai ni makarantar 'yan mata har na fito malama. Duk ranar Lahadi nakan je in tsaya a bakin darni, ita kuma ta tsaya daga ciki, mu gaisa. Ban san ɗumin hannunta ba. Kullum kafin in tafi sai ta ce, "Juya in gan ki." In juya. Sai ta ce, "Madalla. Na ba da ke don fatarki ta tsira, ga shi ta tsira."

Maganar nan ce ta faɗo mini a bakin rijiya, tulu yana kaina, ruwa yana zubo mini a wuya.

Na kai ruwan madafa, na zaga bayan rumbu inda ba kowa. Na murɗa wuyana iya ƙarfina. Gefen abin kawai na hango, wani tabo fari-fari kamar an shafa toka, can a kan allon kafaɗa inda ido ba ya kaiwa. Ba madubi a wurin. Wa zai kawo madubi taron neman Allah?

Wayyo! 'Yan'uwa, nan na zauna a ƙasa.

Na san yadda ake gane ciwon. Tun muna yara ake jera mu ana dubawa. Tabon ciwon ba ya jin taɓi. Sai na karyo ƙayar aduwa, na miƙa hannu baya na soka. Na ji? Na ji wani abu. To amma a tabon na ji, ko a yatsuna da ke riƙe da ƙayar? A kan tabon ma na soka, ko a gefensa? Na sake sokawa. Wannan karon kamar ban ji ba. Na sake, na sake, har na ga jini a yatsana. Duk wanda na ji sai zuciyata ta ce, "Ai kin san za ki soka, shi ya sa." Duk wanda ban ji sosai ba sai ta ce, "To, kin gani."

Mutum ba ya iya gwada kansa. Dole wani ya tsaya a bayanka, kai kuma idonka a rufe. Na san haka sarai. Amma wa zan roƙa, kuma da wane baki? Na ɗaga hannu a gaban Allah na ce zan yi shiru. Gaskiya kuma ita ce, ko da ba alkawarin, ban san ko zan iya furtawa ba.

Aka buga ƙarfe, na rufa mayafi na koma cikin majami'a.

Da rana aka kawo tuwon dawa. Mu mata akushi ɗaya muke sa hannu. Na kalli akushin, na kalli hannuna, sai na ja baya na ɗora yatsa a baki, na nuna sama, wai azumi nake. Matar Malam Bulus ta yi mini murmushi tana gyaɗa kai, irin na "yarinyar nan ta riga mu nisa." Murmushin nan ya fi ƙayar ciwo. Gwaggo Lami ba ta yi murmushi ba. Ta ci loma kaɗan, idonta a ƙasa.

Malam Bulus ya yi koyarwa da la'asar. An ce koyarwar ta yi daɗi, har maza suka yi kuka. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Yaran ajina nake gani. Ni nake kama hannunsu in koya musu riƙe alli. Ni nake share musu majina da gefen zanena. Akwai wadda ba ta yarda ta sha ruwa sai a moɗata. In ciwon ne, tun yaushe nake ɗauke da shi a cikinsu? Kuma in ciwon ne, an gama da aji. Za a ba ni ɗaki a cikin darnin nan. Na san yanzu akwai ƙwayar magani sabuwa, na ga waɗanda aka sallama. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ranar Lahadi ce, da Inna za ta ce "Juya in gan ki."

Me zan ce wa matar da ta hana kanta goyon 'yarta ɗaya tilo? In ce mata a banza ta yi?

Na so in gudu. Na tsaya a bakin hanyar da ta bi ta cikin gonaki, na daɗe ina kallonta. Baturiyar da ke duba majinyata ta tafi hutu ƙasarsu, ba a san ranar dawowarta ba. In na gudu, wurin wa za ni? Na juyo.

Gari ya waye Lahadi ban runtsa ba.

Ku da kuka taɓa zuwa majami'ar nan kun san yadda ake yin Jibi a can. Ba kofuna irin na gari. Ƙoƙo ɗaya ne na duma, a cika shi da ruwan zoɓo, ya fara daga layin maza, ya dawo layin mata, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na hagunsa. A majami'ar majinyata kuwa, wadda na sani tun ina ƙarama, ƙoƙo biyu ne, ɗaya na masu lafiya, ɗaya na masu ciwo, ba a haɗa su ko wurin wanki.

Na zauna a kan tabarma can ƙarshe-ƙarshe, ina fatan a manta da ni. Sai ga Gwaggo Lami ta taso daga inda take, ta ratso mata, ta zauna dab da ni ta hagu. Wato in na sha, ita zan miƙa wa.

Na ce a raina, ta zo ta tsare ni ne. Ta zo ta ga ko zan yi ƙarfin halin sa bakina.

Aka gutsura gurasa, wannan da sauƙi, kowa da nasa. Sai ƙoƙo ya taso. Ina jin ƙarar kurɓa tana matsowa. In na sha, na sa bakina inda 'yan'uwana za su sa nasu, alhali na san abin da na gani. In na miƙa ban sha ba, kowa zai ce Malama Saratu tana da wani zunubi da ya hana ta teburin Ubangiji. In na yi magana, na karya alkawari, kuma maganar da zan faɗa ba ta komawa ciki.

Ƙoƙo ya iso hannuna. Na riƙe shi ina kallon zoɓon da ke ciki.

A nan ne na yi addu'a, ta farko ta gaskiya tun da na zo taron. Ba mai tsawo ba ce. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Tun ina yarinya nake gadin fatar nan, kullum da safe sai na duba hannu na duba ƙafa, ban taɓa barin maka gadin ba. Ga shi ta fito ta inda ba na gani. Kai ba ka ƙyamar kutare, da hannunka ka taɓa su. In ciwon ne, ni taka ce. In ba shi ba ne, ni taka ce. Ka buɗe mini baki kawai."

Sai na ji muryata ta fita, da ƙarfi fiye da yadda na nufa.

"Malam, ba zan iya sha ba. Akwai tabo a bayana."

Majami'a ta yi tsit, wani irin shiru dabam da wanda muka yi kwana biyu muna yi. Ba wanda ya tambayi wane irin tabo. Kowa ya san 'yar wace ce ni. Matar da ke damana ta ɗan ja zanenta. Malam Bulus ya dubi ƙoƙon, ya dubi matarsa. Ban ga laifinsa ba, mutum ne.

Sai Gwaggo Lami ta yi gyaran murya.

"To, tunda an hwasa shirun, ni ma bari in huta," in ji ta. "Ɗiyata, ni na hwara ganin shi. Na tsorata, ba ni ɓoye maki, har na goge hannu. Tun jiya hannun ga ke damuna."

Ta ɗaga mayafina a gaban kowa, ta ɗora tafin hannunta a kan tabon, ta danna sosai, ta bar shi a wurin.

"Sha ki miƙo mani."

Na ce, "Gwaggo, ba ki san ko mene ne ba."

"Ke kin sani? Ke da kika yi boko ma ba ki sani ba, balle ni. Sha, hannuna ya gaji."

Na dubi Malam Bulus. Ya share gumi, ya ce a hankali, "Sha, Malama. Teburin ba nawa ba ne."

Na kurɓa, hawaye yana zuba a ciki. Gwaggo Lami ta karɓa, ta juya ƙoƙon daidai inda na sa bakina, ta sha. Mata biyu ne suka rage a bayanta. Ɗaya ta sha. Ɗaya ta riƙe shi kaɗan, ta sunkuyar da kai, ta mayar wa Malam. Tana da jariri a baya. Wallahi ban riƙe ta a zuciya ba, da ni ce ita ban san abin da zan yi ba.

Daga nan jama'a suka kewaye ni da addu'a. Wasu sun matso, wasu daga nesa suka miƙo hannu. Ba zan ce muku tsoro ya tafi ba. Bai tafi ba! Amma ya zama ba ni kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Litinin da asuba muka kamo hanyar Kankiya, ni da Gwaggo Lami. Malam Bulus ya aro mata jaki, ni na ce zan taka. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko kamar an buɗe murhu. A wata inuwar tsamiya muka iske Fulani mata da ƙoren nono. Gwaggo ta saya mana, aka dama da fura. Mai nonon ta miƙo mini ludayi, na ce a'a, ta zuba mini a tafin hannu.

Ta ce, "Kai! 'Yar boko, ludayin namu ne bai yi miki ba?"

Gwaggo ta ce, "Rabu da ita, alwashi ta ɗauka."

"Alwashin shan fura a hannu? Allah ya kyauta!" Ta zuba mini tana dariya, rabi ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna.

Mun iso asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, rana ta kusa tsaka. Malam Isiyaku malamin asibiti yana nan, da layin mutane a baranda. Musulmi ne, dattijo, ya san ni tun ina gidan yara, don yakan zo taya Baturiya duba mu. Yana ganin fuskata ya daina murmushi.

"Malama Saratu, lafiya? Yau ba makaranta?"

Gwaggo ta matsa ta yi masa raɗa. Ya ce wa masu jira su yi haƙuri, ya kai mu bayan ɗakin magani inda haske yake sosai, ya sa na zauna a kan benci na ba shi baya. Gwaggo ta sauke mayafin.

Ya duba wurin sosai. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Wa ya yi miki wannan tsattsagar?"

Na ce, "Ni ce. Da ƙaya."

"Da ƙaya! Ke da kika tashi a hannunmu? Haka kika ga muna yi?" Ya ja tsaki. "Hajiya, ɗaure mata ido da kallabinta."

Gwaggo ta ce, "Ni ba Hajiya ba ce, Malam."

"To Allah ya ba ki haƙuri, Baba. Ɗaure dai."

Duniya ta yi duhu. Na ji ya ce, "Ga gashin kaza a hannuna. Duk sanda kika ji ya taɓa ki, ki ce kin ji. Kada ki yi mini ƙarya, kada kuma ki yi wa kanki."

Wani abu ya shafi wuyana. Na ce na ji. Ya shafi kafaɗar dama. Na ji. Tsakiyar baya. Na ji.

Sai shiru.

Ba abin da ya taɓa ni. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin kukan wani jariri a baranda, ina jin jakinmu yana kaɗa kunne. A fatata kuwa, babu komai. Na sani sarai cewa sukan tsaya da gangan, don su kama mai cewa ya ji alhali ba a taɓa shi ba. Amma in yanzu gashin yana kan tabon fa? In yana ta shafawa, Gwaggo tana kallo, ni kuwa ina zaune kamar kututture?

Bakina ya so ya ce "na ji." Kalmar ta zo har kan harshena. Na cije ta. Na ce a zuciya, "Yesu, na riga na ce ni taka ce." Na riƙe bakin bencin har farcena ya shiga itacen.

Ban san tsawon lokacin ba. A wurina ya fi duk shirun da muka yi a Boko.

Sai wani ɗan abu, siriri kamar ƙafar ƙuda, ya gitta can kan allon kafaɗata ta hagu.

Na yi ihu, "Na ji! Na ji!"

"A hankali, kada ki tara mana gari. Nan fa?"

"Na ji!"

"Nan?"

"Na ji, Malam!"

Ya yi ta yi, yana tsayawa yana komawa, har na daina ƙirgawa. Sannan na ji ya kankare wurin da farce. Ya ce, "Baba, matso ki gani. Kin ga yana tashi kamar dusa? Kin kuma ga gumi a kansa, ga gashi bai zube ba? Tabon wancan ciwon ba ya gumi, ko da mutum ya tako daga Kusada da tsakar rana." Ya latsa bayan kunnena da gwiwar hannuna, ya duba tafin hannu da na ƙafa. Sannan ya kwance kallabin da kansa.

Haske ya kashe mini ido. Ya zagayo gabana ya tsuguna don mu haɗa ido.

"Malama, ƙyasbi ne. Zafi da gumi ke kawo shi, rabin mutanen da ke barandar nan suna da shi. Zan ba ki man shafawa, da wani na raunin da kika ji wa kanki, don shi ya fi tabon bukatar magani. Ba ki da ciwon. Kin ji ni? Ba ki da shi. Gobe ki koma wa yaranki."

Na ce, "Malam, sake faɗa."

Ya sake faɗa.

Gwaggo Lami ta rangaɗa guɗa a bayan asibitin En'e, har masu layi suka leƙo. Ni kuwa na zame daga kan bencin na durƙusa a ƙasa, ina kuka ina kiran sunan Yesu. Malam Isiyaku bai hana ni ba. Ya ce, "Gode wa Allah, 'yata, shi ne abin godiya." Daga inda nake durƙushe ina hango darnin unguwar majinyata ta bayan itatuwa. Inna tana ciki, ba ta san komai ba. Na ce a raina, ranar Lahadi in ta ce in juya, zan juya, zan kuma gaya mata duka.

'Yan'uwa, wani zai ce ai dama ƙyasbi ne tun farko, me Allah ya yi? Ni na san abin da ya yi. Na san inda nake ranar Asabar a bayan rumbu da ƙaya a hannu. Da bai buɗe mini baki ba, da yanzu ina nan ina ɓoye bayana, ina sokar kaina, ina gudun yaran da nake ƙauna. Ya kuma ba ni wadda ta sha a bayana tun ba a san amsar ba. Wannan ba zan manta da shi ba har in mutu.

Har yau in iska ta taɓa kafaɗar nan sai gabana ya faɗi, sannan in tuna cewa jin da na yi shi ne albishir. Ku ci gaba da yi mini addu'a. Ku sa Innata da duk waɗanda ke cikin darnin nan, waɗanda aka ɗaure wa ido suka jira, ba su ji komai ba. Yesun da ya tsaya a bayana bai bar su ba.

In akwai mai wani abu a inda idonsa ba ya kaiwa, yana ta gwada kansa shi kaɗai, ina roƙonka ka ajiye ƙayar. Ka faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa ɗan'uwa. Ka dogara gare shi tun kafin a kwance maka ido.

Godiya da yabo su tabbata ga sunansa. Amin!